Rumfar Inji a Bakin Rijiyar Kaka

Yamai, 6 Nuwamba 1955

Zuwa ga Yaya Altine a Tungar Gawo, ta hannun Malam Issa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Ki durƙusa ki gaishe mini da Baba, ki tambaye shi ko tarin nan ya sake shi. Ni da Balki lafiya lau, sai dai ta fara ƙin warin daddawa. Kin san abin da wannan ke nufi, amma kada ki yaɗa tukuna.

Kin aiko kina tambaya wai wane aiki ne ya hana ni zuwa girbi. To, saurara. Nasara suna da wani gida a bakin kogi inda suke taruwa su huta. A tsakiyarsa sun haƙa tabki sun shafe shi da siminti, suna ce masa fisin. Ba sha suke yi ba, ba wanki ba. Shiga kawai suke yi maza da mata su yi ta wutsil-wutsil kamar kwaɗi, su fito su shanya kansu a rana. Ni ne mai kula da famfon wannan tabki, wani inji ne da ke cikin ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa.

Kullum da safe nakan buɗe kwandonsa in kwashe ganye da gashin Nasara, in cika cikinsa da ruwa, don in ya tashi da iska a ciki ƙonewa zai yi. In sa masa giris, sannan in kunna. Kunnena ya san muryarsa. In ya ƙoshi yana gurnani a hankali, in wani abu ya dame shi sai ya yi ta tari, ni kaɗai nake gane irin tarin. Mushe, Nasaran da ke riƙe da gidan, ba ya ko taɓa shi sai ya kira ni.

Ki gaya wa Baba ya naɗe igiyarsa ya huta, ɗansa ya zama sarkin ruwa. A yini guda injina yana tura ruwan da Tungar Gawo ba ta sha a shekara. Kuma Mushe ya ce sabo yana tafe daga Faransa, in ya iso tsohon nawa ne, in yi yadda na ga dama da shi.

Ƙanenki, Mani.

*

Tungar Gawo, watan Jimada Auwal, cikin sanyi

Zuwa ga Mani.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Baba ya amsa, tarin yana nan, da asuba ya fi matsa masa. Ka gaishe da Balki, ka ce ta riƙa shan kunun tsamiya.

Ka san wasiƙa ba ta shiga garin nan a ɓoye. Malam ya karanta taka a ƙofar Maigari bayan la'asar, gari duka yana zaune, har maganar daddawa. Sai ka yi haƙuri.

Ga abin da ba ka sani ba. Tun ƙarshen damina gefen Rijiyar Kaka ya zube daga can ƙasa, guga yana fitowa rabinsa laka. Tana son yasa. Ba sai na tuna maka ba cewa tun ranar da kakanmu ya haƙa ta ya yi alkawari da doguwar wurin, aljanar rijiyar, ba mai shiga cikinta sai namiji jinin gidanmu. Maza biyu suka rage, kai da Baba. Baba ya riga ya fito da igiyar yasa ya shanya, ya ce a rubuta maka ka zo yanzu cikin sanyi, lokacin da rijiya ke numfashi, tun kafin zafi ya toshe ta. Muna cikin wannan shawara takardarka ta iso.

Da Malam ya kai wurin ruwan shekara a yini guda, sai da aka sa shi ya maimaita. Maigari ya ce, “To don mi za mu sa mutum cikin rami, ga ƙarhe na tahe?” Dattawa suka yarda. An fasa yasa, ana jiran injinka. Mata har waƙa suka ƙaga maka a bakin turmi, ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye maka ba. Kai da kake fitsarin kwance har ka yi kaciya, yau kai ne sarkin ruwa.

Baba ne kaɗai bai yi murna ba. Ya ce, “Ita doguwar ta san ƙarhen?” Ya tashi ya naɗe igiyar ya rataye.

Ka gaya mana ranar da za ku iso, da irin abin da injin yake ci, mu tanada.

Yayarka, Altine.

Ni Issa mai rubutu ina gaishe ka. Na karanta yadda ka rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba.

*

Yamai, 9 Janairu 1956

Yaya Altine,

Ina fatan kuna lafiya. Ni tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga. Ki sa Malam ya karanta wannan a ƙofar Maigari, da ƙarfi, sau biyu in ya samu hali.

Yaya, bakina ne ya ja mana. Wasa nake yi da ke, ina so ki yi alfahari da ni. Famfon nan ba ya haifar da ruwa ko cikin cokali. Ruwan tabkin daga kogi aka jawo shi ta bututu tun da farko. Aikin famfo shi ne ya zuƙo shi daga gindin tabki, ya tura shi cikin wani tankin ƙarfe mai cike da yashi, yashi ya riƙe datti, ruwan ya koma inda ya fito. Ruwa ɗaya ne ke zagayawa tun safe har yamma don kada ya yi kore. Ruwan shekarar da na faɗa, shi ne wannan, yana shiga yana fita ta ƙofa ɗaya.

Kin tambayi abin da yake ci. Kuran yake ci, wutar da ke zuwa ta waya, mu kuwa ko sandar waya babu daga Dogon Dutsi zuwa gida. Ko da an ba shi wutar, bakinsa ba ya kai wa ruwan da ya wuce gaba huɗu a ƙasa. Rijiyar Kaka gaba talatin da biyu ce, na shiga ta sau biyu, na sani. In na kawo muku shi, ƙarfe kawai na kawo.

Na je wurin Mushe na roƙi kwana ashirin. Ya ce sai an kafa sabon inji, shi kuma injin yana cikin jirgi bai ko iso Kutonu ba. Tsohon yana yoyo ta wuyansa, kullum sai na ɗaure masa igiya mai maiƙo, Mushe ya ce in na tafi wa zai yi. Na ce rijiyar garinmu ce. Ya ce ai akwai masu haƙar rijiya na gwamnati, a rubuta wa kwamandan. Maganar alkawarin doguwa kuwa ba abin da Nasara zai gane ba ne.

Don Allah kada ku jira ni. Sanyi bai wuce ba tukuna. Ku nemo masu yasa daga Dogon Dutsi, Baba ya roƙar musu izini wurin doguwar, ya tsaya a baki ya nuna musu. Amma shi kada ya shiga. Da wannan ƙirjin ba zai kai gaba ashirin ba. Na ɗora miki wannan, Yaya.

Mani.

*

Tungar Gawo, ƙarshen Rajab

Zuwa ga Mani.

Muna gaishe ka, ko da yake ba mu san ko kana da kunnen jin gaisuwarmu ba. Wata biyu da rabi ke nan ba mu ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Duk ranar kasuwar Dogon Kiriya maigidana yana tsayawa bakin hanya ya tambayi masu kamyo, manyan motocin kayan nan, su ce babu. In Yamai ta sa ka manta da mu, ka faɗa.

Sanyi ya tafi. Rijiya yanzu sai a zura guga a jira, a jawo abin da bai cika ƙwarya ba, shi ma sai an tace da zane. Ina zuwa tun hantsi in dawo bayan azahar da tulu ɗaya. Fulanin da ke shayarwa a wurinmu sun kora shanunsu kudu wajen Kore Mairuwa. Gida uku sun ce in azumi ya kama a haka su ma tashi za su yi.

Amma ba mu zauna ba, kada ka ce ba mu shirya maka ba. Samari sun share hanya tun daga babban gawo har bakin rijiya, sun cire kututture don kamyo ya wuce. An kafa wa injin rumfa, ginshiƙi shida, an rufe da sabuwar zana, don Maigari ya ce abin Nasara ba ya son rana. Ba a bari ko akuya ta kwanta a ciki. Yara da sun ji ƙugin mota daga nesa sai su ruga suna kiran sunanka.

Baba yana zuwa kullum ya leƙa rijiyar ya daɗe. Jiya na iske shi yana shafa wa igiyar yasa man shanu. Na ce me za ka yi da ita, ga Mani na tafe? Ya ce, “Igiya ba ta son zama, shi ke nan.”

Ina jin tsoro, Mani. Ka zo, ko ka yi magana.

Altine.

*

Yamai, 21 Maris 1956

Yaya,

Ba ni da doguwar gaisuwa yau. Takardarki ta nuna mini tawa ta Janairu ba ta iso ba. Na ba wani direba ita hannu da hannu, ya ce zai ajiye wurin mai kanti a Dogon Dutsi. A aika a tambaya. Abin da ke ciki shi ne: injin ba zai yi ba, ko kaɗan, ku daina jiransa. Wannan kuma na ba wani ɗan Dumega da ya rantse zai kai ta har gida.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa ba. Akwai Mahmuda, mai ban ruwan furanni a gidan nan, dattijo ne mai hankali. Shekara biyu yana roƙona in nuna masa aikin famfo. Na ƙi. In zan juya makullan ruwa sai in rufe ƙofa, don ina tsoron in wani ya iya, a sallame ni. Da na nuna masa tun can, da yau ina gida.

Cikin watan jiya na ce bari in koya masa da gaggawa. Kwana shida muna yi. Rana ta bakwai na bar shi ya tada injin shi kaɗai, ya manta bai cika cikinsa da ruwa ba, inji ya sha iska ya yi zafi har wuyansa ya ƙone. Kwana uku a tsaye, tabki ya zama kore kamar miyar kuka, matan Nasara suna ta faɗa. Na gyara, amma Mushe ya ce daga yau in wani ya sake taɓa injin, ko na bar gidan ko na yini ɗaya, in kwashe kayana daga ɗakin da suka ba mu. Yanzu ne zafi, yanzu suka fi shiga ruwan.

Balki ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwana biyu a bayan kamyo, ba mu da kowa a garin nan da zan bar ta wurinsa. Na ɗaure kaya sau biyu na kwance. Ki kira shi tsoro in kina so, ba zan musa ba.

Duk ranar Litinin nakan wanke yashin tankin. Sai in juya makullai, ruwa ya bi ta baya ya fita da datti zuwa kwata, ina tsaye ina kallo har ya yi fari. Abin da nake zubarwa a wannan ɗan lokaci ya fi tulu ɗari. Shekaranjiya ina wankin na tuna tulunki ɗaya, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Ki riƙe Baba. Ki ɓoye igiyar.

Mani.

*

Tungar Gawo, goma sha tara ga Azumi

Zuwa ga ƙanena Mani.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Balki. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, cikin Sha'aban. Ta farkon tana ƙarƙashin buhun gishiri a kantin Dogon Dutsi, har ta jiƙe ta bushe. Malam ya fara karanta mini ni kaɗai, sannan muka tafi ƙofar Maigari. Ba wanda ya zage ka. Da sun zage ka da ya fi mini sauƙi. Kowa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

An bi maganarka, an kawo masu yasa biyu daga Dogon Dutsi. Suka zura fitila, ta mutu a gaba ashirin da takwas. Suka sake, ta sake mutuwa. Da suka ji kuma labarin alkawarin, babbansu ya ce ko an ba shi raƙumi ba ya shiga rijiyar da ba ta san shi ba, cikin wannan zafi. Suka koma.

Na ɓoye igiyar kamar yadda ka ce, cikin rumbun maigidana. Baba ya zo har gida ya tsaya a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni. Ya ce, “Altine, ɗiyanki nawa?” Na ce huɗu. Ya ce, “Mi za su sha?” Na shiga na ɗauko masa. Ni na ba shi da hannuna, ka sani, kada ka ɗauki laifin kai kaɗai.

Ya yanka wa doguwar baƙar akuya yadda aka saba, Malam ya kau da kai. Aka ɗaure rassan gawo masu ganye a igiya, maza suna saukewa suna ja don iska ta motsa, har fitila ta yarda ta kai ƙasa. Sannan aka zura shi. Safiya uku yana shiga, yana cika wasaki, babban gugan fata, da laka ana ja, in ya girgiza igiya a fito da shi. Rana ta biyu ya fito leɓɓansa sun yi baƙi, na kama ƙafarsa, ya ce saura kaɗan, yana jin sanyinta a tafin ƙafa. Rana ta uku wajen hantsi muka ji muryarsa daga ƙasa, ba mu gane abin da yake faɗa ba, sai wasaki ya fito da ruwa, ruwa sosai. Mata suka fara guɗa. Ni igiyarsa nake kallo, ba ta girgiza ba. Na ce a ja.

Ya fito da rai, a jiƙe har ƙirji. Babu inuwa kusa sai rumfar injinka, nan aka kwantar da shi. Numfashin bai koma daidai ba. Ya ƙi a kai shi gida, ya ce a nan yana jin ƙarar guga. Kwana biyu ya yi, ranar Alhamis bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. A rumfar muka yi zaman makoki.

Ya bar maka saƙo, na sa Malam ya rubuta yadda ya faɗa: “Ku hwaɗa ma Mani kar shi ji kumya. Ruwa shika yi ma aiki, ni ma su na yi ma. Ku ɗebo na hwarko ku kai mishi shi sha, don in ya zo ta gane shi.”

Ga gora nan na toshe da ƙaro, ɗan Dumega zai kawo maka. Gida ukun sun fasa tashi. Igiya tana ɗakina.

Altine.

Ni Issa ina yi maka ta'aziyya. Mahaifinka, tsoho Ɗan'azumi, ya cika da kalmar shahada, ina wurin. Na ce ban ƙara ba ban rage ba, amma da na karanta takardarka ta farko, mai albishir ɗin injin, a cikin gida, da wataƙila an tambaye ka kafin a yanke shawara. Wannan yana damuna.

*

Yamai, 20 Mayu 1956

Yaya Altine,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ki gode wa Malam, ki ce masa ya cire wannan daga ransa, abin da na rubuta ya karanta.

Gora ta iso, rabi ya tsiyaye a hanya. Na shiga ɗakin inji na rufe ƙofa na sha. Ɗanɗanon yana nan yadda na sani, da ɗan gishirin nan da ƙamshin laka. Ban iya shanyewa ba.

Balki ta sauka kwana huɗu kafin salla, namiji, suna lafiya. Cikin azumi ya zo kamar Baba, don haka suna bai ba mu wuya ba. Sauran ruwan na ɗiga masa a harshe. Balki ta dube ni, ta gane na haɗa shi da rijiyar ke nan, ta juya fuska bango. Ban san ko daidai na yi ba.

Sabon injin ya iso, mun kafa shi makon jiya. Ba ya tari, ba ya yoyo, yaro ma zai iya tada shi. Na kira Mahmuda na nuna masa komai a gaban Mushe, shi kuwa Mushe bai hana ba. Mushe ya cika alkawari, tsohon yana ƙofar ɗakina, Balki na shanya tsummokin jariri a kansa.

Na gaya masa ubana ya rasu. Ya cire hula ya ba ni hannu, ya ce ya ba ni wata biyu cur, Yuli da Agusta, lokacin da suke tafiya Faransa ana zubar da ruwan tabkin. Zan iso ke nan tsakiyar damina, sa'ad da kowane rami a Arewa ke cike da ruwa, ba mai neman mai yasa.

Ki ci gaba da shafa wa igiyar mai. Kuma ki roƙar mini Maigari kada a rushe rumfar, ina so in zauna a cikinta.

Ƙanenki, Mani.